Katangar Kulɓa: Kundin Aikin Ƙungiyar Kimiyya

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau muka buɗe wannan kundi, bayan da shugaban makaranta ya amince ya bar wa ƙungiyar kimiyya katangar da ke gabas da filin ƙwallo, wadda tsawonta ya kai mita 28. Abin da muka ƙudura shi ne mu zana tarihin kulɓa da danginta a jikin katangar, tun daga tsofaffin ƙasusuwan da masana suka tono a ƙasashe daban-daban har zuwa wadda muke gani kullum tana sulalewa a gindin tankin ruwa, sa'annan mu haɗa da ɗan littafi na Hausa da zai yi bayanin kowane zane. Ma'aunin da muka tsayar shi ne santimita 10 a madadin shekara miliyan ɗaya. Ke nan mita 25 za su mayar da mu shekara miliyan 250 baya, ragowar mita ukun kuma mu yi rubutun gabatarwa a kansu.

Ɗalibai sun so a yi dainoso, kuma ban ga laifinsu ba, tun da shi suka saba gani a talabijin. Na nace a kan kulɓa ne saboda tana nan tare da mu a cikin garin Kaduna, yaro zai iya tsugunawa ya ƙare mata kallo ba tare da ya biya kuɗin mota ba. Bayan haka akwai wani saɓani a lamarinta da nake son su yi ta juyawa a ransu. Danginta, waɗanda masana ke kira Scincidae, sun haura nau'i 1,500, ana samunsu a kowace nahiya in ban da Antatika, suna kuma cikin dangin ƙadangaru mafi yawa a duniya, amma tsofaffin ƙasusuwansu da aka tabbatar ba su taka kara sun karya ba. Idan launi ya tafi, santsin jiki ya tafi, ƙashi kaɗai ya rage, da me za a shaida cewa wannan kulɓa ce?

Baba mai gadi yana tsaye muna awon katangar da igiya, da ya ji abin da za a zana sai ya ce: "Malam, kulɓa kuma? Ai 'yar maciji ce, dafi gare ta." Na ce masa: "Baba, dangantaka da maciji kam akwai, ko da yake ta nesa ce, amma dafi babu." Ya girgiza kai bai gamsu ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Mun shafe zaman yau a kan kalmomi, domin littafin ba zai rubutu ba sai an tsayar da su. Abin da ya fara bayyana shi ne cewa Bahaushe ya riga ya rarrabe waɗannan dabbobi da kyau: ƙadangare, kulɓa, tsaka, hawainiya, kowanne ya dace da dangi guda a rabon masana, damo da guza kuma 'yan gida ɗaya ne. Abin da ba mu da shi shi ne suna guda da zai tattara su duka har da maciji, wato rukunin da ake kira Squamata, mai nau'i fiye da 11,000. Mun yanke shawarar kiransu "masu ɓamɓaroki". Wata ɗaliba ta tambaya ko kada yana ciki, ganin cewa daga sunansa garinmu ya samo nasa. Ba ya ciki, kuma ta fuskar asali kada ya fi kusa da tsuntsu a kan ƙadangare, maganar da ta jawo musu na kusan rabin sa'a.

Ga abin da ya zama dutse na daga jikin halittar da ta mutu tun zamanin da, mun ɗauki "burbushi", kamar yadda ake ji a rediyo. Ga ƙananan allunan ƙashi da ke ƙarƙashin kowane ɓamɓaroki na kulɓa kuwa, wani ɗalibi ɗan Zariya ya kawo shawarar "sulke", irin na mahayan hawan sallah, kuma nan take kowa ya karɓa.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na hana a kashe komai saboda wannan aiki, masu danƙo ma na karɓe nasu na ajiye. A wannan mako sai ga kyanwar ɗakin girki ta kashe kulɓa ta yar, an kuma tsinci mataccen ƙadangare a bayan ɗakin gwaje-gwaje. Kulɓar irin mai layi biyar ce a gadon baya, Trachylepis quinquetaeniata, wadda ƙanananta da matanta ke da shuɗiyar wutsiya. Mun sa kowanne a gwangwanin madara da muka huhhuda, muka ajiye kusa da gidan tururuwa, da fatan su cinye naman su bar mana ƙwarangwal.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Tururuwa sun yi aikin da aka ba su, har sun zarce. Ramukan da muka huda sun yi faɗi, saboda haka sun janye ƙasusuwan yatsu da haƙarƙari da mafi yawan na wutsiya, ƙoƙon kan kulɓar kuma ya warwatse tun da gaɓoɓinsa ba a manne suke gam ba. Abin da muka tarar shi ne muƙamuƙan ƙasa guda biyu, da gaɓoɓin ƙashin baya kaɗan, da busasshiyar fata. Yaran sun yi tsuru-tsuru suna jiran faɗa, ni ma da farko raina ya ɓaci, amma da na zuba ragowar a kan farar takarda sai na ga cewa a cikin mako biyu tururuwa sun koya mana abin da na shirya yin darasi uku a kansa. Mafi yawan burbushin ƙananan ƙadangaru da ke gidajen tarihi na duniya haka suke: guntun muƙamuƙi mai haƙora, gaɓar ƙashin baya ɗaya ko biyu, da allunan sulke a warwatse. Muƙamuƙi ya fi sauran ƙasusuwan ƙwari, shi ya sa yake jure ruwa da ƙwari da nauyin ƙasa. Idan mako biyu a cikin gwangwani sun yi wannan ɓarna, sai a ƙiyasta abin da shekara miliyan ɗari za su yi a bakin kogi.

Mun duba muƙamuƙan a madubin ƙara girma, kuma bambancin ya fito fili. Haƙoran gefe na ƙadangare a kan tsinin muƙamuƙi suke, sun narke da ƙashin sun zama abu guda kamar haƙoran zarto, kuma ba a sake su, sai dai su yi ta cinyewa har tsufa. Haka na hawainiya suke. Na kulɓa kuwa dogaye ne, sun jingina da ɓangaren ciki na muƙamuƙin kamar karan da aka jera a jikin danga, idan ɗaya ya faɗi wani ya tsiro a gurbinsa. Sai dai na gargaɗe su cewa wannan ba ya isa shaida, domin tsaka da wasu dangi da yawa su ma irin wannan dashen haƙori gare su. Da yawa daga cikin kulɓa suna da ganɗa ta ƙashi wadda ta raba hanyar numfashi da ta abinci, kuma wannan alama ce mai ƙarfi, amma tamu ta tafi gidan tururuwa.

Fatar ce ta fisshe mu. Mun jiƙa ta a ruwan ɗumi da garin sabulu har ta yi laushi, muka kankare saman, sai ga sulken: kowane allo mai zagayayyen baki, ya hau kan na bayansa, kuma idan aka haska fitila ta ƙasa sai a ga siraran layuka sun raba shi gida-gida. Allo ɗaya ashe ƙananan gutsattsari ne da aka harhaɗa, tamkar ƙwaryar da gyartai ya ɗinke. Wannan haɗaɗɗen sulke mai zagayayyen baki da ya game jiki shi ne babban hatimin kulɓa. Ƙadangaren namu ba shi da ko ɗaya. Na kira Baba mai gadi ya leƙa madubin, ya daɗe yana kallo, sa'annan ya ce shi ya sa sanda ba ta cika yi mata illa ba.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama, don haka mun mayar da aiki da sassafe, muna tashi kafin rana ta yi zafi. An shafe katangar da farin fenti, an ja layin zamani, an buga alama a kowace mita.

A mita 24 daga ƙarshen da ke wakiltar yau muka sa Megachirella, wata 'yar halitta da aka samu a duwatsun Dolomait na arewacin Italiya, mai kimanin shekara miliyan 240. An bayyana ta tun 2003, amma sai a 2018, da Tiago Simões da abokan aikinsa suka sa dutsen a na'urar hoton ciki ta CT, irin ta asibiti amma wadda ta fi ta gani, suka ga ɓangaren da ke nutse a cikin dutsen, suka kuma kafa hujjar cewa tana kan tushen zuriyar masu ɓamɓaroki. Rabin jikinta na gaba kawai ya tsira. A mita 16.6 muka sa Bellairsia, wadda Susan Evans ta raɗa wa suna a 1998 daga gutsattsarin da aka samu a Ingila, sa'annan a 2016 aka tsinci ƙwarangwal ɗinta kusan cikakke a tsibirin Skye na Sikotilan, aka wallafa bayaninsa a 2022. Duka biyun ba kulɓa ba ne, ba kuma tsaka ko damo ba. Suna can ƙasa da inda rassan suka rabu.

Wanda ya zame mana ƙadangaren bakin tulu shi ne Cryptovaranoides. An tono shi a wani wurin fasa dutse kusa da Biristol a shekarun 1950, ya yi ta zama a ma'ajiyar gidan tarihin halittu na Landan, sai a 2022 wasu masana suka ce cikakken ɗan zuriyar ƙadangarun yau ne mai shekara miliyan 202. Idan haka ne, to rabuwar manyan dangi, har da reshen da kulɓa ta fito, ta faru tun kafin wannan lokaci. A 2023 wasu masanan suka sake duba hotunan suka ce sam ba ya cikin masu ɓamɓaroki, na farkon kuma suka mayar da martani. A sa shi a katanga a koya wa yara abin da wataƙila kuskure ne, a bar shi a ɓoye musu muhawara mai amfani. Mun sa shi a mita 20.2 da alamar tambaya babba.

Daga nan ne muka fitar da ƙa'idar da za ta bi dukkan katangar. Abin da ƙashinsa ke hannu, aka san inda aka tono shi da shekarunsa, za a zana shi da cikakken layi. Abin da masana suka hakaito ta hanyar kwatanta ƙasusuwa ko ƙwayoyin gado, kamar layukan da ke haɗa wannan da wancan, za a yi shi da ɗige-ɗige. Wani abokin aikina ya taɓa tambayata a ɗakin malamai ko ba na tsoron iyaye su ce muna cusa wa yara abin da ba a gani ba, kuma wannan ƙa'ida ita ce amsar da na ba shi: duk mai ido zai ga inda shaida ta tsaya da inda fahimtar masana ta fara.

Asabar, 22 ga Maris

Tsakanin mita 17 da mita 10 akwai wasu ƙananan ƙadangaru da ake kira Paramacellodidae, kuma a kansu muka yini. Robert Hoffstetter ne ya raɗa sunan Paramacellodus a 1967 daga duwatsun Purbeck na kudancin Ingila, daga baya aka sami danginsa a Amurka ta Arewa da Asiya, da Anoual a Maroko, da Tendaguru a Tanzaniya, inda aka fi sani da manyan dainoso. Su ne burbushin Afirka na farko da suka hau katangarmu, kuma yaran sun yi murna da hakan.

Suna da sulke, haƙoransu sun yi kama da na kulɓa, kuma da za a ga ɗaya yana gudu a cikin ciyawa da an rantse kulɓa ce. Amma allunan sulkensu masu kusurwa huɗu ne, an jera su sahu-sahu kamar tubalin gini, sun fi kama da na wasu ƙadangaru masu sulke na Afirka, Cordylidae da Gerrhosauridae, waɗanda ke cikin 'yan uwan kulɓa mafi kusa a yau. Kama da wane ba ta wane. Mafi yawan masana suna ajiye su kusa da tushen babban gidan da ya haɗa kulɓa da waɗannan dangi, saboda haka ɗige-ɗige muka ja daga gare su, kuma na hana mai zanen ya rubuta "kakan kulɓa" duk da cewa ya fi daɗin karantawa.

Asabar, 12 ga Afrilu

Hutu ake yi, amma ɗalibai tara sun zo, kuma yau muka iso wurin da tun farko nake ɗokinsa, wato mita 9.9. A 2024 Juan Daza da abokan aikinsa suka bayyana Electroscincus zedi, wata 'yar kulɓa da ta maƙale a cikin ƙaron itace a yankin Kachin na arewacin Myanmar kimanin shekara miliyan 99 da suka wuce, ƙaron ya daskare ya zama dutse mai launin zuma da ita a ciki. Abin da tururuwa suka hana mu, ƙaro ya adana: ƙasusuwan jiki a jere yadda suke, da fata a kansu. A cikin fatar kuma aka ga haɗaɗɗen sulke mai zagayayyen baki, irin wanda muka gani da idonmu ranar 22 ga Fabrairu. Wannan ne ya sa ake ɗaukarta a matsayin kulɓa mafi tsufa da aka tabbatar. Na ɗora hoton da aka wallafa kusa da zanen da wata ɗaliba ta yi daga madubinmu, ban ce komai ba, na bar su suka gano da kansu.

Wani ya tambaya yadda aka san shekarun, tambayar da ta cancanci shafi guda a littafin. Ƙaron yana kwance ne a cikin ƙasa mai tokar dutse mai aman wuta, a cikin tokar kuma akwai ƙananan ƙwayoyin ma'adinin zarkon. Lokacin da ƙwayar zarkon ke ƙulluwa tana karɓar yuraniyom amma ba ta karɓar dalma, yuraniyom kuwa yana rikiɗa ya zama dalma a hankali bisa ƙimar da aka auna aka sani. Duk dalmar da aka tarar a cikin ƙwayar daga baya ta taru, saboda haka gwada yawanta da na yuraniyom yana ba da shekarun. Awon da aka wallafa a 2012 ya ba da kusan shekara miliyan 99.

Mun yi ɗan gwaji don a gane irin ƙaron da ake nufi. Na sayo ƙaron dakwara da ƙaron maje a wurin masu kayan ƙamshi, muka jefa kowanne a kofin ruwa. Na dakwara ya narke kafin azahar, na maje ko gezau. Irin na biyun ne, wanda ruwa ba ya ci, yake iya daɗewa a ƙasa har ya zama dutse.

Akwai abu biyu da na ga wajibi ne su shiga littafin a wannan gaɓa. Ɗaya shi ne labarin Oculudentavis, wani ɗan ƙoƙon kai daga wannan ƙaro na Myanmar da aka sanar a watan Maris na 2020 a mujallar Nature cewa tsuntsu ne mafi ƙanƙanta na zamanin dainoso. Kafin ƙarshen Yuli na shekarar aka janye takardar, kuma samfuri na biyu ya nuna ƙadangare ne. Idan manyan masana da cikakken ƙoƙon kai a gabansu sun yi irin wannan tuntuɓe, to mai riƙe da guntun muƙamuƙi sai ya yi taka-tsantsan. Ɗayan kuma ya fi nauyi: yankin da ake haƙar ƙaron yankin yaƙi ne, masu haƙar talakawa ne da ke shiga ramuka masu haɗari, har ƙungiyar masana burbushin dabbobi masu ƙashin baya ta yi kira a 2020 da a daina karɓar samfuran da aka fitar bayan Yunin 2017. Yaranmu sun san abin da haƙar ma'adinai ta jawo a Zamfara da Birnin Gwari, ba su buƙaci dogon bayani ba.

A mita 11 mun ƙara Retinosaurus, shi ma daga ƙaron Myanmar amma na yankin Hkamti, mai shekara miliyan 110, wanda aka bayyana a 2022. Ɗan babban gidan nan ne da ya haɗa kulɓa da 'yan uwanta, amma an fi danganta shi da wani reshe da a yau ake samu a nahiyar Amurka kawai.

Asabar, 26 ga Afrilu

Ruwan farko ya sauka ranar Laraba da iska mai ƙarfi, ya wanke duk zanen alli da ba a kai ga bi da fenti ba, daga mita 9 zuwa ƙarshe. Da muka sake awo kuma sai muka tarar mai zanen ya sa Bellairsia a mita 16 daidai maimakon 16.6, ya rage mata shekara miliyan shida da santimita 60. An goge an gyara.

Asabar, 10 ga Mayu

Tambayar da na san za ta zo ta zo: me zai hana mu je bakin kogin Kaduna ko duwatsun Kajuru mu tono namu? Na gayyato malamin labarin ƙasa ya amsa, ya kuwa zo da dutse biyu a aljihu. Ƙasar Kaduna tana zaune ne a kan tsohon dutsen tushe, wanda ya narke ko ya gasu a can cikin ƙasa fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce, tun kafin a sami wata dabba mai ƙafa huɗu a doron ƙasa. A ma'auninmu sai an ninka tsawon katangar kafin a kai gare shi. Irin wannan dutse ba ya riƙe ƙashi. Burbushi yana zama ne a dutsen da laka da yashi suka kwanta suka yi, kuma mafi shahara a arewacin ƙasar nan yana yankin Sakkwato.

A can, gab da ƙarshen zamanin dainoso, wani hannun teku ya ratso Sahara ya rufe ƙasar, kuma a cikinsa aka yi Goronyosaurus nigeriensis, wanda ya ci sunan Goronyo. W. E. Swinton ya fara bayyana ƙasusuwansa a 1930, masanan Italiya ƙarƙashin Augusto Azzaroli suka ba shi wannan suna a 1972. Ƙaton dabbar ruwa ne mai tsawon mita da yawa, amma yana cikin masu ɓamɓaroki, ta wajen damo da maciji. Ba ya kan reshen kulɓa, kuma bisa tsarin aikin bai kamata ya sami wuri ba, sai dai ban iya hana yara ƙadangaren ƙasarsu ba. Mun ba shi kusurwa a sama, kusa da mita 7.

A mita 6.6 muka ja jan layi daga sama har ƙasa, alamar dutsen da ya faɗo daga sararin samaniya a Chicxulub ta Meziko shekara miliyan 66 da suka wuce. An saba cewa dainoso ne suka ƙare, ƙananan dabbobi suka tsira, amma binciken Nicholas Longrich da abokansa na 2012 ya nuna cewa kashi 83 cikin ɗari na nau'in ƙadangaru da macizai na Amurka ta Arewa sun ɓace a lokacin, kuma waɗanda suka haye galibi ƙanana ne masu yaɗuwa a wurare da yawa. A cikin waɗanda suka ɓace har da wani da suka raɗa wa Obamadon, don Barack Obama. Tun da Electroscincus tana gabanin jan layin, danginta kuma suna bayansa, zuriyar kulɓa ta ƙetare wannan masifa.

Asabar, 24 ga Mayu

Bayan jan layin aiki ya yi sauri. A mita 2.5 mun sa Proegernia mikebulli, wata kulɓa daga tafkin Pinpa a kudancin Ostireliya, mai shekara miliyan 25, wadda Kailah Thorn da abokan aikinta suka bayyana a 2021 daga gutsattsarin da suka tsince ɗaya bayan ɗaya. Kailah Thorn ce kuma ta jagoranci bayanin Tiliqua frangens a 2023, ƙatuwar kulɓa mai kaurin sulke da ta kai nauyin kilo biyu da ɗoriya, wadda ta rayu har zuwa kimanin shekara 47,000 da suka wuce. A katangarmu wannan bai kai rabin santimita daga ƙarshe ba. Gumakan Nok na kudancin jihar nan, masu kimanin shekara 2,500, sun faɗo a rubu'in milimita, ƙasa da kaurin layin da burushi ke ja, kuma wannan lissafi ya sa ajin ya yi tsit fiye da duk abin da na faɗa tun Janairu.

A ƙarshen katangar mun zana masu rai. Akwai Acontias na kudancin Afirka, marasa ƙafa ko ɗaya, waɗanda binciken ƙwayoyin gado ke nuna reshensu ne ya fara rabuwa da sauran kulɓa. Akwai Lerista na Ostireliya, inda a cikin jinsi guda ake samun mai yatsu biyar, da mai biyu, da wanda ba shi da ƙafar gaba, da wanda ba shi da ko ɗaya. Rashin ƙafa ya faru sau da yawa a rassa daban-daban na kulɓa, kuma ba ta wannan hanya maciji ya fito ba, abin da na sake jaddada wa Baba mai gadi. Akwai kuma Trachylepis atlantica ta tsibirin Fernando de Noronha, kimanin kilomita 350 daga gaɓar Barazil, wadda danginta na kusa suke nan Afirka, alamar cewa kakanninta sun ƙetare Tekun Atilantika, mai yiwuwa a kan tarkacen itatuwa da ruwa ya kwasa. Jinsinta ɗaya da tamu ta gindin tanki.

Asabar, 14 ga Yuni

Shugaban makaranta ya zagaya katangar jiya. Ya yaba, amma ya tsaya a tsakanin mita 9.9 da mita 2.5, inda layin kulɓa yake kusan duk ɗige-ɗige, ya ce wurin ya yi fari da yawa, ko za a ƙara wasu zane-zane kafin ranar ba da kyaututtuka. Na ce: "Ranka ya daɗe, akwai gutsattsarin muƙamuƙi daga Amurka ta Arewa da Turai da ake dangantawa da kulɓa a wannan tsakani, za mu zana su ƙanana yadda suke, amma cikakkiyar dabba ba za mu ƙirƙira ba." Ya yi shiru kaɗan, sa'annan ya ce a rubuta dalilin farin a jikin katangar don kada baƙi su zaci fenti ne ya ƙare. Shawara ce mai kyau, kuma ɗalibar da ta zana sulken ita za ta tsara jimlar.

Littafin ya kai shafi 31 a rubuce da hannu, saura babin ƙaro da na jan layi, sa'annan a buga a kwamfuta a kai wa malamar Hausa ta duba ƙa'idar rubutu. Damina ta fito da ƙananan kulɓa masu shuɗiyar wutsiya da yawa a bayan ɗakin gwaje-gwaje, kuma an raba wa ɗalibai huɗu aikin ƙirga su kowace safiya. Kyanwar ta sake kawo wata ranar Talata. Wannan karon mun naɗe gwangwanin da ragar sauro mai ƙananan idanu, muka ɗora dutse a kai, kuma ranar 28 ga wata za mu buɗe mu ga ko ganɗar ta tsira.